Fitsarin Aro

Talata, da hantsi

Jiya ɗana Auta ya dawo daga aiki da wata 'yar roba mai jan murfi, ya ajiye ta kan tebur kusa da gwangwanin sukari. Uwarsa ta ɗauka tana juyawa, ta ce ta samu wurin zuba gishiri. Da ya gaya mata abin da ake zubawa a ciki, sai ta sake ta kamar ta taɓa garwashi, ta je ta wanke hannu har da sabulu. Alhali robar sabuwa ce fil, ko daga ledarta ba a fitar ba.

Kamfanin da yake aiki, inda ni ma na ƙarar da ƙuruciyata kafin a sallame ni da fansho, aikinsa sa wa ƙarfe riga. A tsoma mariƙin ƙofa ko kan famfo cikin tankin koren ruwa, a saki lantarki, ya fito yana walƙiya, ka ga fuskarka a jiki. Abin da ke cikin koren ruwan nan shi ake kira nikel. To, yanzu an ce duk mai tsayawa bakin tanki sai ya ba da fitsarinsa ranar Juma'a bayan an tashi, a auna a ga nawa jikinsa ya sha. Mu a zamaninmu ba mai tambayar fitsarinka. Ko sunanka ma sai ranar albashi.

Wanda nasa ya haura layin da suka ja, za a janye shi daga tanki. Bara an janye mutum biyu, aka ce na ɗan lokaci ne. Har yau ɗan lokacin bai ƙare ba, ɗayansu yana tura baro a kasuwa. Auta ya faɗi wannan idonsa na kan matarsa, wadda cikinta ya kai inda ba ta ganin yatsun ƙafarta.

Talata, bayan la'asar

Na wuni a rumfata ta bayan gida. Makanike na kan kwana ya kawo ƙahon babur guda biyu da suka yi tsatsa, yana so su koma kamar na shago. Na goge su a kan dutsen wasa, na tsoma a baho, na jona batirin mota. Ba abin da ke kwantar mini da rai kamar ganin ƙananan kumfan nan suna hawa jikin ƙarfe.

Tsohuwa, uwar yaran nan, tana kiran rumfar wasan tsufa. Ta ce wasu tsofaffi kiwon tantabaru suke yi, nata mijin kiwon koren ruwa. Ban musa mata ba.

Hancina yana ɗan ƙaiƙayi. Ba komai, sanyi ne.

Laraba, da yamma

Auta bai ci abincin kirki ba. Ya zauna yana sosa wuyan hannu, in ya ga ina kallo sai ya daina. Sau biyu ya zo bakin rumfa ya tsaya, ya tambaye ni ko ina bukatar wani abu, na ce a'a, ya koma. Yaron da tun da ya yi gemu bai taɓa leƙa rumfar nan ba.

Kakata in za ta ba mu labari, takan fara da dogon shiru, har sai mun matsu. Ashe ɗan jikanta ya gado ta.

Alhamis, da safe

Ya faɗa.

Ya same ni ina ɗaura igiyar takalmi, ya tsuguna kamar zai gaishe ni karo na biyu. Ya fara daga nesa: safar hannunsa ta yage a makon jiya, sai da ya wuni kafin a ba shi wata, abokin aikinsa ya ce ƙurajen wuyan hannu alama ce, haihuwa ta kusa. Na bar shi ya zagaya gari duka. Da ya iso ƙofar gida sai ya ce:

"Baba, kai ka bar kamfani tuntuni. Naka wankakke ne."

Na ce masa na ba shi suna, na ba shi hanci irin nawa, na ba shi keke lokacin da ya shiga makaranta, ban san akwai sauran abin da zai nema a jikina ba. Bai yi dariya ba. Ya ce sau ɗaya ne kawai, kafin gwaji na gaba zai kiyaye, zai riƙa wanka a can kafin ya dawo, zai yi duk abin da nas ɗin kamfani ta ce.

Na ce ya tafi aiki kada ya makara.

Alhamis, bayan azahar

Na kasa zama. Na share tsakar gida da aka riga aka share. Na gyara ƙafar kujerar da ba ta karye ba. Tsohuwa ta ce in dai ƙaiƙayin aiki nake ji, ga kwanuka can.

Na koma rumfa na tarar baho ya tsage ta gindi, yana ɗiga. Dole a juye ruwan a wani. A kamfani yanzu inji ke yin wannan, mu kuwa da baki muka koya: ka tsoma tiyo, ka tsotsa ɗaya bakin har ruwa ya taso, ka yi maza ka zare ka saka a sabon mazubi. Da ina da sauri. Yau ruwan ya riga ni, na kurɓa, na tofar da abin da ya tofu. Ɗaci da ɗanɗanon tsohon kwabo. Na kurkure baki na sha shayi.

Duk tsawon lokacin tunanina yana kan mutumin nan mai tura baro. Na san shi. Ni na koya masa riƙon ƙugiyar da ake tsoma ƙarfe a tanki da ita.

Juma'a, da sassafe

Na ba shi. A kwalbar maganin tari da na wanke. Ya cusa a safa.

Juma'a, bayan magariba

Ya dawo, ya ce ya juye a robar kamfani, an karɓa, nas ta manna sunansa a jiki. Ya ci abinci har ya nemi ƙari. Matarsa ta yi ta murna wai cin abincinsa ya dawo. Ni na kasa haɗa ido da kowa, na ce kaina ke ciwo.

Asabar, da hantsi

Tsohuwa tana neman kwalbar maganin tari, wai ta ajiye ta don man kitso. Na ce ban gani ba. Ta dube ni irin kallon da take yi wa mai nama in ya ɗora yatsa a sikeli. Ba ta ƙara magana ba. Da ma ta ƙara.

Litinin, da rana

An ce sai an kai kwalaben wani babban ɗakin gwaji, sakamako ba zai fito da wuri ba. Wato fitsarina ya yi tafiyar da ni ban taɓa yi ba, a mota mai sanyi, da sunan wani.

Na gama ƙahonnin makanike. Ya ce ko na kamfani albarka.

Laraba, da safe

Na yi haɓo ina alwala. Kaɗan ne. Hancina ba komai, zafi ne.

Alhamis, bayan la'asar

Ba labari. In na ji ƙarar babur a layi sai in miƙe, in ba shi ba ne in zauna, in sake miƙewa. Surukata ta tambaye ni ko baƙo nake jira. Na ce motsa jini nake yi, likitan rediyo ya ce yana da kyau ga tsofaffi.

Na sa ƙyalle a aljihu saboda hancin. Na zaɓi mai duhu.

Asabar

Shiru.

Talata, da azahar

Auta ya dawo tsakar rana, ba lokacin tashi ba. Tun daga yadda ya jingine babur ba tare da ya kashe shi da kyau ba na sha jinin jikina. Ya wuce uwarsa, ya wuce matarsa, ya same ni a rumfa, ya ja ƙofar langa-langa ya rufe.

Ya ce nas ta kira shi ita kaɗai da shi. Ta ce a duk kwalaben da aka kai, tasa ce ta fi kowace yawan nikel, ba kusa ba. Har ta sa an sake aunawa don ta ɗauka kuskure ne. An janye shi daga tanki nan take. Likita yana so ya duba ƙodarsa, ya leƙa cikin hancinsa, saboda abin nan in ya daɗe yana shiga jiki, can yake fara ɓarna. Oga kuma ya rikice, yana ta zagaya tankin Auta yana duba fankar da ke zuƙe tururi, don sabuwa ce, kuma shi da kansa ya sa aka saka ta.

Na ce to, ashe tsohon ƙarfe bai saki rigarsa ba. Na yi dariya ni kaɗai.

Auta yana ta bin rumfar da ido kamar yau ya fara ganinta: dutsen wasa da baƙar ƙurar da ta kwanta a kan komai, kofin shayina a kan batir, baho, tsohon baho. Sai idonsa ya tsaya kan tiyo da ke rataye a ƙusa. Ya ɗauko ya duba bakinsa, inda haƙorana suka yi masa shaida.

"Baba, da baki kake ja?"

Na ce da me ake ja, da kunne?

Ya zauna a ƙasa, cikin ƙurar, da kayan aikinsa. 

Talata, bayan magariba

Mu biyu, ɗaya ya yi shekara da shekaru a bakin tanki, ɗaya yana kai yanzu, ba wanda ya tuna da rumfa. Shi a wurinsa Baba ya yi ritaya. Ni a wurina aiki shi ne inda ake busa usur a rubuta sunanka. Abin da mutum ke yi a bayan gidansa da silifas, wa zai kira shi aiki?

Laraba, da hantsi

Na tsara masa yadda za a yi, kuma tsari ne mai kyau. Ya je wurin likita, a duba ƙodarsa a ga lafiya lau, a leƙa hancinsa a ga fes. A ɗan jima a sake gwaji, ya ba da nasa na gaskiya, wanda ya huta da tanki, a ga ya sauka, a ce an warke, a maida shi. Ba wanda ya yi ƙarya sabuwa, tsohuwar ce kawai za a bari ta mutu da kanta. In kuwa ya buɗe baki ya ce kwalbar ba tasa ba ce, wannan ba janyewa ba ce, kora ce, kuma da hujja.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "Kai kuma fa?"

Na ce ni zan rufe rumfa, shi ke nan. Ya ce likita ƙodar mai kwalbar yake nema, ba ƙodar mai suna ba. Na ce tun yana zanen goyo nake shaƙar abin nan, ga ni zaune. Ya ce shi ne abin da ke ba shi tsoro.

Yaran yanzu ba a gama magana da su.

Alhamis, da rana

An sa shi share harabar kamfani kafin ranar ganin likita. Ya dawo bai ci abinci ba. Matarsa ta yi kuka a ɗaki, tana tsammanin mijinta ne ba shi da lafiya. Ta dafa masa ganye-ganye, ta hana shi ɗaukar bokiti. Ni ta miƙo mini bokitin.

Na ɗauka. Hancina ba komai.

Juma'a, bayan la'asar

Tsohuwa ta yi wanki.

Na manta ƙyallen a aljihun riga. Mai duhu ne, amma ruwan wanki ba ya rufa wa kowa asiri. Ta zo rumfa riƙe da shi, hannunta duk kumfa. Ba ta ɗaga murya ba, ita ba ta ɗagawa, shi ya sa nake tsoronta. Ta tambaye ni tun yaushe. Na ce kwanan nan. Ta tambaye ni ina kwalbar maganin tari ta tafi. Na ce ta yi tafiya.

Ta tsaya tana haɗa abu da abu, ina ganin yadda suke haɗuwa a fuskarta. Sannan ta ce:

"Malam, wato yarinyar can tana kuka a kan ciwon da ke jikinka, kai kuma kana ɗaukar mata bokiti."

Na ce ta yi wa Allah ta bar maganar, aikin yaron ne ke cikin haɗari, ga haihuwa. Ta ce ita ta haifi yaron, ta san abin da aikinsa yake a gidan nan, ba sai na karanta mata ba. Ta ce amma ba ta yi shekarun nan duka tana wanke koren tabo daga rigunana don in mutu da sunan wani a jikin kwalba ba.

Ta rataye ƙyallen a igiya, tsakiyar gida, inda kowa zai gani.

Asabar, da safe

Auta ya gani. Ya tsaya gaban igiya da buroshi a baki har man ya bushe.

Lahadi, da yamma

Na bi shi har bakin layi ina magana. Na ce zan je asibitin gwamnati da kaina, in ce hancina ke jini, ba sai an ambaci kamfani ba. Ya ce zan je in ce sanyi ne, su ba ni ƙwaya in dawo, ya san ni. Ya ce takardar da ke nuna abin da ke jikina tana hannun nas, kuma likitan da ya san aikin nikel nasu ne. Na ce ni ne ubansa, na hana. Ya ce ya ji.

Na san irin wannan "na ji". Ni na koya masa, da ita nake amsa wa uwarsa.

Na dawo na zauna, na tashi, na zauna. Na shiga rumfa, na kasa taɓa komai.

Litinin, da hantsi

Ya fita da rigarsa mai kyau, ba kayan aiki ba.

Litinin, bayan azahar

Bai dawo ba.

Litinin, gab da magariba

Ya dawo. Ya sha ruwa kofi biyu kafin ya yi magana, mu uku muna tsaye a kansa, don yanzu matarsa ma ta sani, uwarsa ta gaya mata.

Nas ya fara samu. Ya ce da ya gama bayani ta cire tabarau ta dube shi, ta ce ta ga masu kawo na ƙaninsu, ta ga wanda ya kawo shayi, amma ba ta taɓa ganin wanda ya je aron fitsari ya aro wanda ya fi nasa lalacewa ba. Daga nan ta daina wasa, ta yi ta tambaya a kaina: shekaruna, me nake gogewa, ina nake cin abinci, haɓon ta hanci ɗaya ne ko biyu. Da ya ambaci tiyo sai ta rufe ido.

Oga ya yi faɗa har ana ji daga waje. Abin da ya fi ƙona masa rai fankar da ya sa aka kwance aka ɗaura sau biyu. Ya ce da don ta shi ne, yau Auta zai ajiye katinsa. Amma ogan ya yi aiki a ƙarƙashina yana sabon shiga, ya ce har yanzu yana jin muryata in ya ga an riƙe ƙugiya a karkace. An dakatar da Auta zuwa ƙarshen wata. In ya koma, ɗakin shirya kaya a kwali, ba tanki ba, sai abin da manya suka gani nan gaba. Ba kora ba ce. Ba kuma abin da muke da shi da ba ne.

Surukata ta zo ta karɓe bokitin da ke gefena, ta kai shi da kanta. Na so ta zage ni.

Laraba, da rana

Motar kamfani ta zo da mutum biyu masu safar hannu har gwiwar hannu da takunkumi, suka juye koren ruwana a jarka da ɗan injinsu. Ko minti biyar bai ɗauka ba. Suka tafi da baho, da tsohon baho, da tiyo. Ɗayansu ya riƙe tiyon da yatsa biyu kamar mataccen maciji.

Makanike ya leƙo da wani ƙahon babur. Na ce masa an rufe shago. Ya tambaya ko lafiya, tsohuwa ta amsa daga ciki wai tantabaru za mu koma.

Hannuwana sun rasa inda za su sa kansu.

Juma'a, bayan la'asar

Mun je. Auta ya goya ni a babur, yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, har masu keke suna wuce mu.

Nas ɗin ƙarama ce, ba ta kai 'yata ta biyu ba, amma ta sa ni na zauna kamar ɗan firamare. Ta ce na Auta na yau ba zai faɗi abin da na waccan Juma'ar zai faɗa ba, don ya kwana biyu bai tsaya bakin tanki ba, abin yana fita da fitsari a hankali. Wato ko nasa na da lafiya a ranar, ko babu, ba mai sani har abada. Auta ya sunkuyar da kai. Likita ya leƙa hancina da 'yar fitila, ya daɗe a ɓangaren hagu, ya ce akwai gyambo a ciki, yana so babban asibiti su duba da kyau, su ɗan yanki kaɗan su auna. Na ce sanyi ne. Ya ce to, su ma can sai in gaya musu haka. An ɗebi jini saboda ƙoda.

Sannan nas ta miƙo robobi biyu masu jan murfi. Ta sa kowa ya wanke hannu a gabanta har gwiwar hannu, ta rubuta sunana a ɗaya da manyan baƙaƙe, ta ɗaga ta nuna wa Auta, ta ce ya karanta da ƙarfi don kada a sake samun ruɗani a gidanmu.

Shi ya fara shiga, ya fito. Na shiga na rufe ƙofa.

Abu ya ƙi zuwa. Wancan karon da na bayar don wani, ko jira ban yi ba. Yau da aka ce nawa ne, da sunana a jiki, sai jikina ya ƙi. Na tsaya riƙe da roba ina kallon bango. Ina jin takalmin Auta a bakin ƙofa, bai tafi ba.

"Baba, lafiya?"

Na ce ya ba ni wuri, ba a yi wa mutum gadi a nan.

Can sai na ji wani siririn fito ta ƙasan ƙofa, a hankali, irin wanda nake yi masa yana ɗan mitsitsi in na riƙe shi a bakin kwata da asuba ya ƙi yi. Ban san ya tuna ba. Ƙato da gemu, a asibitin mutane, yana yi wa ubansa fito.

Na buɗe baki zan zage shi, sai ga abin ya zo.